Dashen ɓargo don ciwon MS: yana gyara jijiyar da ta riga ta lalace?

Maman Sadiq, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitocin da ke wannan zaure. Ƙanwata ce, shekarunta 29, an ce tana da ciwon MS, wanda garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Da ido ya fara mata, ganin idon hagu ya dushe na 'yan makonni sannan ya dawo. Daga baya ƙafar dama ta yi nauyi, yanzu tana ɗan janta, fitsari kuma yana matsa mata. Duk lokacin da ya tashi ana ɗaura mata ruwan steroid ta samu sauƙi, amma ba a ɗora ta a kan wani magani na dindindin ba. Har yanzu tana tafiya ba sanda.

Dangi sun fara maganar a sayar da fili a fitar da ita waje a yi mata dashen ɓargo, wai yana warkar da ciwon baki ɗaya. Shin dashen zai dawo mata da ƙafar? Yaya ake yinsa, kuma mene ne haɗarinsa?

Likitan Jijiya, Samaru

Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Allah ya ba ta lafiya. Kada a taɓa filin tukuna.

Dashen da ake yi wa masu MS ba ya gina jijiya. Ƙwayoyin da ake dasawa na ɓargo ne, jini da garkuwa kawai suke haifarwa, ba sa rikiɗewa su zama laka. Ainihin maganin shi ne kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi, da ake rushe tsohuwar garkuwar da shi, sannan a mayar wa mutum ƙwayoyin ɓargonsa don jini ya farfaɗo da wuri. Kamar ɗakin da gara ta shiga ne: in an kashe garar, azarar da ta rage ta tsira, wadda aka riga aka cinye kuwa ba ta dawowa. Gaskiya ne wasu suna samun sauƙi bayan dashe, domin in kumburi ya lafa, jijiyar da ba ta mutu ba tana komawa bakin aiki, jiki kuma yana ɗan ɗinke rigar da kansa. Amma ba wanda zai iya yi muku alkawarin ƙafar.

Abin da ya fi damuna shi ne a tabbatar MS ɗin ne. Ciwon bai da yawa a yankinmu, kuma akwai wani mai kama da shi, NMO, wanda shi ma ido da laka yake kamawa, ya kuma fi yawa a baƙar fata fiye da Turawa. Tun 2004 aka gano alamarsa a jini. A yi mata gwajin wannan alamar, wato AQP4, da na wata makamanciyarta, MOG, zai fi kyau a ɗibi jinin ba a lokacin da take kan steroid mai yawa ba. A hoton laka, tabon NMO yakan yi tsawon gaɓoɓin ƙashin baya uku ko fiye, na MS gajere ne. Bambancin ba na wasa ba ne: interferon beta da natalizumab da fingolimod, duk magungunan MS ne, amma suna iya tsananta NMO. A kuma kore tarin fuka na ƙashin baya, HIV, tunjere, tsargiya da ƙarancin bitamin B12, don duka suna taɓa laka a nan.

Hoton MRI ya zama na ƙwaƙwalwa da laka baki ɗaya, da allurar gadoliniyam mai haska sabon tabo, a injin da ƙarfinsa ya kai tesla 1.5. Ƙaramin inji yana tsallake ƙananan tabo. Ku karɓi hoton a faifai, kada ku tsaya ga takardar rahoto, domin duk cibiyar da za ku nufa sai ta buɗe hotunan da kanta ta kwatanta tsoho da sabo. Sai ɗibar ruwan laka, a haɗa shi da jini na rana ɗaya a nemi alamun garkuwa da ke cikin ruwan amma babu su a jinin.

In ya tabbata MS ne, wanda dashe ya fi amfana shi ne mai ƙananan shekaru, galibi ƙasa da 45, wanda ciwon bai wuce shekara 10 a jikinsa ba, yana iya tafiya ko da da sanda ne, kuma ciwon yana ta tashi ko sabon tabo yana fitowa duk da yana kan magani mai ƙarfi. Wanda ya daɗe a keken guragu, hotonsa babu sabon kumburi, zai ɗauki haɗarin gaba ɗaya ba tare da ribar kirki ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce gwajin MIST da Richard Burt na Chicago ya jagoranta, aka wallafa a 2019. Mutum 110 aka raba gida biyu. Ciwon ya ci gaba a mutum 3 cikin waɗanda aka yi wa dashe, da mutum 34 cikin masu magani, kuma ba wanda ya rasu. Sai dai ba a saka ocrelizumab da alemtuzumab cikin magungunan da aka gwada shi da su ba, shi ya sa aka sake shirya wasu gwaje-gwaje a Amurka da Birtaniya da Norway.

Ƙanwarki ba ta ma fara matakin farko ba. Steroid yana gajarta tashin ciwo ne, ba ya hana na gaba. Rituximab ana samunsa a Najeriya saboda masu kansar jini, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna don MS, tare da cladribine da glatiramer. A Sweden suna fara shi da miligiram 1,000 ta jijiyar jini, sannan 500 duk wata shida. A gwajin da suka wallafa a 2022, kashi 3 cikin 100 ne ciwon ya tasar wa a shekara biyu, alhali masu shan dimethyl fumarate kashi 16 ne. Ni da za a bi tawa, a kai ta ɓangaren jijiya na asibitin koyarwa da ke Shika a fara da rituximab, a sake hoto bayan wata shida, sannan bayan shekara.

Dakta Jini, Kwangila

Na yarda da Likita. Bari in bi aikin daki-daki, don dangi su san abin da suke shirin saya.

Ana fara da fito da ƙwayoyin daga ɓargo zuwa cikin jini. A ba da maganin kemo cyclophosphamide giram 2 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, sannan allurar G-CSF, mai sa ɓargo ya ƙara fitar da ƙwayoyin, kullum, maikirogiram 5 zuwa 10 a kan kowane kilo. Ba a son ba mai MS G-CSF shi kaɗai, don yana iya tayar da ciwon. Ƙasusuwa suna ciwo a wannan makon, musamman ƙugu da ƙirji. Wajen kwana na goma sai a haɗa ta da injin tace jini na kimanin awa huɗu, jini ya fita ta roba ɗaya ya dawo ta ɗaya, injin ya ware ƙwayoyin ɓargon, waɗanda ke ɗauke da alamar da ake kira CD34. Mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi miliyan 2 ne a kan kowane kilo, an fi son a ninka. In leɓe da yatsu suka fara tsattsafa a kan injin, kalsiyam ne ya sauka saboda sinadarin hana jini daskarewa, a faɗa wa nas nan take. Sai a haɗa ƙwayoyin da DMSO, sinadarin da ke kare su daga sanyi, a daskare su a cikin naitirojin.

Bayan 'yan makonni a kwantar da ita don babban kemo. Hanya mai sauƙi, wadda aka bi a MIST, ita ce cyclophosphamide miligiram 50 a kan kilo kullum har kwana huɗu. Mace mai kilo 60 za ta karɓi giram 12 ke nan. A haɗa da ATG, maganin da ake samu daga jinin zomo mai kashe ƙwayoyin garkuwa na T, jimillar miligiram 6 a kan kilo cikin kwana biyar, ana riga shi da steroid saboda zazzaɓi da rawar jiki. Akwai matsakaiciyar hanya, BEAM da ATG, mai magunguna huɗu. Akwai kuma mai tsanani da busulfan, wadda Harold Atkins da Mark Freedman suka bi a Ottawa. A rahotonsu na 2016, cikin mutum 24 ba wanda ciwon ya sake tasar wa, ba sabon tabo, amma mutum ɗaya ya rasu saboda lalacewar hanta da cutar jini, kuma kusan kashi 30 cikin 100 sun ci gaba da raunana duk da kumburin ya mutu. Wannan kashi 30 ɗin shi ne amsar tambayarki ta farko.

Ranar mayar da ƙwayoyi ba tiyata. Ana narkar da jakar a ruwan ɗumi a gefen gado, a ɗaura kamar ƙarin jini. Ɗakin yakan ɗauki wari kamar na tafarnuwa daga numfashinta, DMSO ne, yana wucewa. Kwanakin da ke biye su ne masu haɗari. Fararen ƙwayoyin jini suna sauka kusan sifili, baki ya yi gyambo, gashi ya zube. Zafin jiki ya kai digiri 38, dole maganin ƙwayoyin cuta ya shiga jijiyar jini cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon gwaji. Zazzaɓi kuma yana dawo da tsoffin alamun MS na ɗan lokaci, ƙafar ta ƙara mutuwa, dangi su firgita. Tsakanin kwana 10 da 14 ɓargo yake kamawa. Zaman asibiti mako uku ne zuwa huɗu.

Cyclophosphamide yana fitar da guba ta fitsari mai sa mafitsara zubar da jini, shi ya sa ake ba da mesna, maganin da ke kare mafitsara, da ruwa mai yawa. Tunda fitsari na ba ta matsala, wataƙila mafitsararta ba ta zubar da komai, gubar za ta daɗe a ciki, don haka a sa mata robar fitsari a kwanakin kemo. A kuma yi hoton zuciya kafin a fara, don wannan adadin yana iya taɓa ta.

Batun mutuwa: tun da aka fara dashen a Tasalonika ta ƙasar Girka a 1995, a shekarun farko kusan kashi 7 cikin 100 ne ke rasuwa a Turai. Da aka gyara zaɓen marasa lafiya aka sassauta kemo, waɗanda aka yi wa bayan 2005 abin ya sauko kusan 3 cikin 1,000. Amma a kula, wannan adadin na mutanen da ke zaune kusa da cibiyar da ta yi musu ne. Wadda za ta dawo Zariya bayan wata ɗaya lissafinta daban.

Garkuwa tana ɗaukar shekara ko fiye kafin ta miƙe. A kwana 100 na farko ana auna ƙwayoyin cutar CMV da EBV, waɗanda ke kwance a jikin yawancin mutane, a jini duk mako ɗaya ko biyu, don suna farkawa. Za ta sha aciclovir kusan shekara saboda ƙwayar ƙarambau da ke kwance a jiki, da Septrin aƙalla wata shida saboda wani nau'in ciwon huhu. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, kuma gwajin HBsAg kaɗai bai isa ba, a haɗa da anti-HBc. In ɗayansu ya nuna, a fara tenofovir ko entecavir kafin kemo, in ba haka ba ciwon hantar na iya tashi ya kashe mutum. Wannan dokar ta shafi rituximab ma. A binciki tarin fuka da ke kwance, a kiyaye gidan sauro, kuma duk zazzaɓi a gwada jini a ranar, kada a ce maleriya ce a sayi magani a kemis. In ta buƙaci ƙarin jini, sai wanda aka haska da radiyeshan, ku tambayi inda za a same shi tun kafin ku tafi. Rigakafin yarinta duk ya goge, ana sake shi daga wata 6 zuwa 12, amma mai rai irin na ƙyanda da shawara sai bayan shekara biyu. A duba jinotayif ɗinta ma: G-CSF haɗari ne babba ga mai SS ko SC.

Sai haihuwa. Kemon yana iya ɗauke al'ada har abada. A shekara 29 da hanya mai sauƙi, da yawa al'adar tana dawowa, amma ba tabbas. A yi maganar daskare ƙwai kafin allurar farko, kuma da ita za a yi, ba a kanta ba. Daga baya wasu garkuwar tana juyowa kan tayirod, ƙullun da ke gaban wuya, ko ƙwayoyin daskarar da jini, don haka a riƙa aunawa.

A Najeriya an yi dashen ɓargo, asibitin koyarwa na Benin a 2011, na Legas a 2024, amma don sikila ne, da ɓargon wani. A MS ɓargon mutum ake mayar masa, domin na wani yana iya juyowa ya yaƙi jikin.

Maman Sadiq, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, likitoci. Jikina ya yi sanyi, amma gara da na sani. An turo mana wata talla a WhatsApp, wani asibiti a waje, sun ce su ba sa kemo, ƙwayoyin cibiyar jariri ko na kitsen ciki suke yi wa mutum allura a baya, kwana uku an gama, kuma suna gyara jijiya. Wani kuma ya ce akwai maganin mura mai dawo da rigar jijiya. Akwai ƙamshin gaskiya?

Malam Famasi, Samaru

Hajiya, in babu kemo, ba dashen da likitoci suka yi bayani ba ne, kuma duk alkaluman da suka kawo ba su shafe shi ba.

Irin waɗannan ƙwayoyin na cibiya da kitse, da ake kira mesenkaimal, an gwada su gwaji na gaske. A gwajin MESEMS da aka wallafa a 2021, mutum 144 ne a ƙasashe da dama, aka ba su miliyan 1 zuwa 2 a kan kilo ta jijiyar jini, daga ɓargonsu. Ba su cutar ba, amma bayan mako 24 sabon tabo bai ragu ba idan an kwatanta da allurar bogi. Ƙwayoyin asalin jijiya kuwa, a 2023 aka wallafa gwaji biyu daga Italiya, ɗaya mutum 12, ɗaya 15, dukansu matakin farko ne na duba ko jiki zai jure. Ba wanda ke da izinin sayar da su a matsayin magani. Kuma akwai ɓarna a rubuce: a 2016 an ba da rahoton wani mutum da wani tsiro ya fito masa a laka bayan irin waɗannan allurai a ƙasashe uku, a 2017 kuma mata uku a Florida sun rasa gani bayan an yi musu allurar ƙwayoyin kitse a ido. Ban da sanƙarau, wanda duk allurar baya marar tsafta ke iya jawowa.

Gyaran rigar jijiya fage ne na gaskiya, ni ma ina sa rai a kansa. A ƙwaƙwalwar babba akwai ƙwayoyi 'yan jira da ke iya girma su naɗa sabuwar riga. A MS suna zuwa bakin tabo su tsaya, ba su ƙarasa girma ba, kuma tsufa na ƙara musu kasala. Duk binciken neman abin da zai tura su ne. Sharaɗin shi ne zaren jijiyar yana raye. In ya tsinke babu abin da za a naɗe.

Maganin da aka faɗa miki clemastine ne. A gwajin ReBUILD a San Francisco, 2017, mutum 50 suka sha miligiram 5.36 sau biyu a rana. Saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ya ƙara sauri da milisakan 1.7, wato ƙasa da kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Ga masu bincike babban labari ne, don ya nuna gyara mai yiwuwa ne. Marar lafiya kuwa ba zai ji bambanci ba, sai gajiya da barci. Yana kuma iya riƙe fitsari, abin da ƙanwarki ba ta buƙata. Daga baya an dakatar da ba da shi a wani gwaji a Amurka, saboda wasu masu nau'in MS mai ci gaba sun ƙara raunana da sauri. Kada ta saya ta sha.

Sauran ma ba su haye ba. Kamfanin Biogen ya ajiye opicinumab a 2020. Bexarotene, da aka gwada a Cambridge da Edinburgh, ya danne tayirod ɗin duk wanda ya sha, ya kuma ɗaga kitsen jini. Bitamin biotin miligiram 300 a rana ya faɗi a babban gwaji, sannan yana rikita sakamakon gwajin tayirod da na jinin da ke gano ciwon zuciya. Metformin, maganin ciwon suga, ya farfaɗo da waɗannan ƙwayoyin a tsofaffin ɓeraye a binciken Cambridge na 2019, shi ya sa aka shiga gwada shi a mutane.

In ta kai ga dashe na gaske, ku tambayi cibiyar sunan kemon da adadinsa a rubuce, ko likitan jijiya da na jini suna zama tare a kan kowane marar lafiya, ko tana da shaidar JACIE ko FACT, hukumomin da ke tantance cibiyoyin dashe, da kuma mutum nawa masu MS suka rasu a hannunsu. Wadda ta karɓe ku ba tare da ta nemi faifan MRI ba, kuɗi take nema.

Anti Fisiyo, Sabon Gari

Maman Sadiq, ƙafar nan akwai abin yi mata tun yanzu. In yatsun ne ke jan ƙasa, a auna mata takalmin roba mai riƙe idon sawu, wanda ake sawa cikin takalmi. Yana rage tuntuɓe tun ranar farko. Miƙa tsokar sha-raɓa da ta bayan cinya kullum, kowace a riƙe daƙiƙa 30 sau uku, da atisayen tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba. In ƙafar na sandarewa likita zai iya ba da baclofen, a fara da kaɗan, don in ya yi yawa ƙafar saki take yi ta kasa ɗaukar ta, kuma ba a yanke shi rana ɗaya.

A guji gasa ta da ruwan zafi ko turara jiki. Jijiyar da ba riga tana daina kai saƙo in jiki ya ɗumama ko kaɗan. A zafin Maris da Afrilu za ku ga ƙafar ta ƙara nauyi da azahar, ido ya dushe, da yamma ya sake. Wannan ba sabon tashin ciwo ba ne, ba ya buƙatar steroid. A yi atisaye bayan asuba, wanka da ruwan randa, jiƙaƙƙen tawul a wuya. Sabon tashi shi ne alamar da ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba.

Kafin a ba ta maganin rage matsin fitsari, a yi sikanin mafitsara bayan ta yi fitsari. In abin da ya rage ya wuce mililita 100, maganin zai ƙara riƙe shi, sai dai a koya mata zubarwa da ƙaramar roba mai tsafta. A gwada fitsarin kuma kafin a ɗaura rituximab, don in akwai cuta a ciki sai an kashe ta tukuna.